Birki Biyu a Motar Guntuwa

Alhamis, 4 ga wata, ƙarfe tara na safe

Tun motar tana kwanar layinmu na san ba 'yata ke tuƙi ba. Ina tsakar gida ina shanya, na ji injin yana ihu a giya ɗaya, ba a canja masa ba. Guntuwa ba ta taɓa yi wa motar nan haka ba. Ita in ta karyo kwana, sai ka ji motar ta sauke numfashi ta gangaro a hankali, kamar mai gudun tashin jariri. Na fito da jiƙaƙƙiyar riga a hannuna. Motar ta tsaya nesa da ƙofa, a karkace, taya ɗaya bisa dakali. Wadda ta fito daga wajen sitiyari ɗalibarta ce, matar nan mai ɗinki, ƙafarta ba takalmi. Kujerar gefe babu kowa. Ta miƙo mini makulli da hannu biyu. Ban tambaye ta komai ba. Na karɓa na ce mata sannu da hanya. Iyakar abin da na ce ke nan.

Yau kwana goma da rasuwar Guntuwa. Masu zuwa gaisuwa sun ragu. Na samu wannan littafin a cikin kayanta, rabinsa ba rubutu, na ce bari in riƙa zuba abin da ke raina a ciki, tunda ɗana Auta ba ya son magana. Karatuna bai yi nisa ba, amma ai ba wanda zai duba ya ba ni maki.

Juma'a, 5 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na dafa abincin mutum uku. Na manta.

Lahadi, 7 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Auta ya sayo tampol ya rufe motar. Ya ɗaure shi da igiya ta ko'ina, kamar wani zai sace. Da ya gama ya shigo ya zauna bakin gadona yana kallon ƙasa, ya ce yana ganin a sayar da ita. Ya kawo dalilansa a jere, da ji ka san tun daga ofis ya shiryo su: ta tsufa, tana shan baƙin mai, shi motar wurin aiki ke ɗaukarsa, ni ban iya tuƙi ba, in aka bar ta a tsaye ruɓewa za ta yi. Duk gaskiya ne. Ɗana ba ya ƙarya. Amma ya tsallake dalili ɗaya, wanda ya sa tun ranar yake zagayawa ta bayan gida don kada ya wuce ta gabanta.

Na ce masa zan yi tunani. Ya ce, "Umma, me za ki tuna a kan ƙarfe?" Na ce ya tashi abincinsa na hucewa.

Litinin, 8 ga wata, ƙarfe goma na safe

Bayan Auta ya fita na kwance igiyar gefe ɗaya na buɗe ta. Ƙamshin man hannun Guntuwa na nan cikin motar. Matashin da take ɗorawa a kujera yana nan, don ba ta kai tsayin sitiyari sai da shi, shi ya sa Babansu ya laƙa mata Guntuwa tun tana ƙarama, sunan ya bi ta har ta girma.

A ƙasan kujerar baya na ga takalma ƙafa biyu a jere. Baƙi nata ne. Ɗayan, mai ɗan dunduniya, na mai ɗinki ne.

Bari in rubuta wannan don kada a manta. 'Yata tana koya wa mata tuƙi ne, shekara tara tana yi, da motar da ubanta ya bari. Dokarta ta farko ita ce a cire takalmi a ajiye a baya. Takan ce takalmin mata maƙaryaci ne, yana zamewa, yana maƙalewa ƙarƙashin birki, kuma ba ya gaya wa ƙafa gaskiyar abin da ta taka. Sai mace ta yi sati uku tana jin motar da tafin ƙafarta kafin ta yarda ta sa takalmi mai igiya. Ita ma takan cire nata, wai ba za ta sa mutum abin da ba ta yi ba. Matan manyan mutane sun zo da takalma masu tsada, sun yi ƙunƙuni, sun cire.

Kuma ita ta je wurin bakanike, abokin Babansu, ta sa ya haɗa mata birki na biyu a gefen fasinja, da sandar ƙarfe ta ƙarƙashi. Mutane na kiran wannan wurin kujerar mai zaman banza. Ita takan ce a motarta dai babu mai zaman banza.

Na ɗauki takalman biyu na shigo da su. Nata na sa ƙarƙashin gadona.

Laraba, 10 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Yau layinmu ya cika da motoci. Na ƙirga bakwai, kuma kowacce mace ce ta tuƙo ta. Tsofaffin ɗalibanta ne suka haɗa kai suka zo. Akwai nas, akwai malamar makaranta, akwai wata mai gidan burodi da ta zo da motar raba kaya, doguwa haka, ta yi ribas da ita tsakanin kwata da bangon maƙwabcinmu ba ta taɓa ko ɗaya ba. Maƙwabcin ya fito zai nuna mata hanya da hannu, ta leƙo ta ce, "Baba, huta abinka, Malama ta koya mini."

Malama suke ce mata. 'Yar da na goya.

Sun zauna sun yi kuka, daga baya kuma sai dariya. Nas ta ce ita har yanzu in ta shiga mota sai ta ji ƙafarta na neman cire takalmi. Wata ta ce ranar da ta kusa hawa kan mai kekunan haya, Malama ta taka birkinta, ta juyo ta ce mata, "To, kin gaishe shi, mu tafi." Ba ta taɓa yi wa kowa tsawa ba, in ji su. Na ce a gida dai tana yi wa Auta.

Da suka tashi tafiya na tsaya a ƙofa ina kallo, ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta sa sigina kafin ta fita, ko da yake layin babu kowa. Na ji kaina ya yi girma har ina jin kunyar kaina. Mai ɗinki ce kawai ba ta zo ba.

Alhamis, 11 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Kwalin maganin ciwon kan yana nan kan firij. Biyu babu a ciki. Ni na ɓalle wa Guntuwa su da safen ranar.

Asabar, 13 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Auta ya kawo mai saye. Wani mai shagon fenti ne, yana son motar da zai riƙa kai wa mutane kaya. Ba shi da laifi, ya gaishe ni da ladabi, ya yi mini ta'aziyya. Ya zagaya ta, ya buga taya da ƙafa, ya buɗe gaba ya leƙa injin. Sai ya shiga ya zauna da ƙaton takalminsa mai fenti, ya jefa matashin baya. Da ya hango birki na biyu ya yi dariya ya ce wannan kuma na mene ne, mota da birki biyu kamar keke. Auta ya ce masa ba wuya a cire. Ya ce ai da kujerar bayan duk zai fitar, don bokitai su samu wuri.

Motar ba ta tashi ba, batir ya sauka. Na ji daɗi, Allah ya yafe mini.

Sun tsayar da Asabar mai zuwa. Auta ya ce kafin nan zai sa a yi cajin batir. Ya dube ni ya ce, "Ko Umma?" Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na ɗauko matashin na kakkaɓe.

Litinin, 15 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na kai wa mai ɗinki takalminta. Shagonta ɗan ƙarami ne, keke biyu da tebur, ƙyallaye ko'ina. Da ta gan ni ta miƙe har almakashi ya faɗi. Ta rame. Na ajiye takalmin a kan tebur, ta dube shi ta fashe da kuka, ta ce ita ba ta da fuskar da za ta zo gidana.

Na ce ta faɗa mini yadda aka yi, tunda ba wanda ya faɗa mini dalla-dalla, ni ma ban nema ba sai yau.

Darasinta na shida ne. Suna kan ƙaramar hanyar bayan kasuwa, sai ta ji motar ta tsaya da kanta, Malama ce ta taka nata birkin. Ta ce mata ta ja birkin hannu. Ta ja. Sai ta ga Malama ta dafe kai, bakinta ya karkace. Ta kira lambar da ke rubuce a jikin gilashi har sau uku, ba a ɗauka ba. Ba ta ce lambar wa ba, ni ma ban tambaya ba, na san wadda ke rubuce a wurin. Hanyar ba kowa. Ita kuma ba ta taɓa hawa babban titi ba. Ta tayar da mota ta hau.

Ta ce sau biyu motar na mutuwa a mararraba, ana ta danna mata hon. Ta ce, "Mama, da gwani ne da ya kai ta a minti goma. Ni na fi ashirin." Abin da ke cinta ke nan, dare da rana.

Na tambaye ta ko Guntuwa ta yi magana a hanya. Ta ce sau ɗaya. Da suka zo shiga ƙofar asibiti, idonta a rufe, murya ba ta fita sosai, ta ce, "Sigina."

Na ce, "Kin sa?"

Ta ce ta sa.

Ban san lokacin da na yi dariya ba, hawaye na zuba. Na kama hannunta na ce likita ya gaya wa Auta ko a bakin ƙofar asibitin abin ya same ta, sai abin da Allah ya yi. Na ce mace mai darasi shida, ba takalmi, ta ratsa gari da 'yata, ba ta buge ko kaza ba. Na ce in akwai wadda ta ci jarrabawa a ɗaliban Malama, ita ce.

Ta ce ita da sitiyari har abada. A nan na ji dalilin da ya sa ta fara koyo. Ciwon suga ya taɓa idon mijinta, motarsu na ajiye shekara guda, duk wata sai sun nemi mai kai shi asibiti.

Talata, 16 ga wata, ƙarfe shida na safe

Saura kwana huɗu. Na kwana da maganar mijin mai ɗinki a raina.

Laraba, 17 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Bakanike ya zo da batir da safe, Auta ne ya aiko shi. Tsoho ne yanzu, hannunsa na rawa sai ya kama sifana. Na tambaye shi tsakaninsa da Allah, motar nan tana da sauran rai? Ya ce, "Uwargida, ni da ita sa'o'in juna ne. Ba za mu yi tsere ba, amma in ana duba mu za mu kai shekara biyu, uku." Ya ce a sayar ma ba laifi ba ne. Ya shafa sandar birkin da ya haɗa.

Na ce ya kai ni shagon mai ɗinki, daga nan ya kai mu filin bayan makaranta inda Guntuwa ke fara wa sababbi. Ya dube ni ta saman tabarau, ya buɗe mini ƙofa.

Mai ɗinki ta ƙi. Na ce to ni zan zauna a shagonta har ta rufe, kuma gobe in dawo. Ta sa mayafi.

A filin bakanike ya fita ya zauna ƙarƙashin bishiya. Na cire takalmina na ajiye a baya, na zauna a kujerar 'yata. Na ce wa mai ɗinki ba abin da zan iya koya mata, amma birki dai ga shi ƙarƙashin ƙafata, ba abin da zai same ta. Ta daɗe tana kallon sitiyari. Sannan ta sunkuya ta cire nata.

Abin da ya biyo baya abin kunya ne, amma zan rubuta. Motar na motsawa na taka birki. Ta mutu. Ta sake tayarwa, muka yi taku biyar, na hango akuya can ƙarshen fili, na taka. Ta mutu. Sau tara muna haka. Bakanike yana ta dariya har da riƙe ciki, ya ɗaga murya ya ce akuyar ma ta gaji da jira ta tafi. A na goma mai ɗinki ta juyo, fuskarta duk gumi, ta ce, "Mama, don Allah wa ke tuƙin nan, ni ko ke?" Sai muka kwashe da dariya mu biyu. Rabon da in ji dariyata da ƙarfi haka, tun kafin.

Alhamis, 18 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Mun koma. Mai ɗinki ta nuna mini inda Malama ke ajiye ƙafa: ba a kan birkin ba, a gefensa, dunduniya a ƙasa. Na duba, wurin har ya lotsa, shimfiɗar ta cinye daidai girman dunduniyarta. Ta ce a darasi shida sau biyu kawai ta ga ta taka. Ta ce aikin wannan kujerar ba takawa ba ne, haƙurin rashin takawa ne.

Na sa dunduniyata a ramin. Mun zagaya filin sau goma sha biyu, ta shiga giya uku. Sau ɗaya na taka, shi ma ina ganin da dalili, ko da yake su biyun sun ce babu.

Ashe shekara tara haka yarinyar nan ke zama, ranta a hannun wadda ba ta iya ba, tana murmushi. Ni ina gida ina cewa aikinta ai yawo ne a mota.

Juma'a, 19 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Auta ya ji. Maƙwabci ya gaya masa. Ya shigo ko jakarsa bai ajiye ba, ya ce mace biyu ba mai lasisi a cikinsu, in wani abu ya faru fa? Na ce a fili ne, kuma bakanike ke kai mu ya dawo da mu. Ya ce ya rasa ɗaya, so nake ya rasa biyu? Ya ce gobe dai mutumin zai zo, a huta da ganinta.

Na ce, "A huta da ganinta, ko kai ka huta?"

Ya zauna. Ya fito da wayarsa ya ajiye a kan tabarma tsakaninmu, a kife. Ya ce ranar suna taro, ya ga tana haske, lambar da bai sani ba, ya kife ta haka.

Sai na gaya masa nawa. Abin da Guntuwa ta ce mini da safen ranar tana ɗaura ɗankwali, da abin da na ba ta, da abin da na ce mata a kan barin ɗalibarta tana jira. Ban taɓa gaya wa kowa ba, a nan ma ba zan rubuta shi duka ba. Na ce in sayar da mota na goge irin wannan, da tun ranar na ba da ita kyauta.

Mun daɗe a zaune. Ya ɗora kansa a gwiwata, namiji mai shekara talatin da gemunsa. Na ce ya ɗaga, ya yi mini nauyi. Bai ɗaga ba.

Asabar, 20 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Mai fenti ya zo ƙarfe tara daidai. Na sa mayafina mai kyau na fita da kaina. Na ba shi haƙuri a kan wahalar da muka sa shi, na ce motar ba ta sayarwa ba ce, tana da aikin da ba ta gama ba. Ya dubi Auta. Auta ya ce, "Yadda Umma ta ce." Mutumin ya ce ba komai, amma in mun canja shawara kada mu daɗe, don irin wannan tsufa take ƙarawa ba ƙuruciya ba. Na ce duk haka muke.

Da ya tafi Auta ya kwance tampol ya ninke. Ya ce gobe Lahadi ba sai an wahalar da bakanike ba, shi zai kai mu filin. Na ce ya tuna dokar motar? Ya ce shi fa namiji ne, takalminsa mai igiya ne. Na ce ai da yayarsa ta koya masa ba ta duba wannan ba.

Lahadi, 21 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ya cire. Safarsa da huji.

Laraba, 24 ga wata, ƙarfe goma na safe

Nas ta ce za ta riƙa zuwa ranar hutunta ta fita da mai ɗinki babban titi, tunda ita tana da lasisi. Ni a baya zan zauna, an ce in haƙura da birki. Mijin mai ɗinki ya aiko mini da gaisuwa.

Jiya ina neman takardun motar a aljihun gaba na ga wata takarda da rubutun Guntuwa. Sunayen mata huɗu ne da lambobinsu, da inda kowacce ta tsaya: wannan ta kai giya biyu, wannan tana tsoron mararraba, wannan saura ribas. Ta ƙarshe ba a rubuta komai a gabanta ba, ina jin ba ta fara ba.

Takardun motar har yanzu da sunan Guntuwa, sai an je ofis an canja. Mai ɗinki ba ta iya ribas ba tukuna. Matan nan huɗu kuma ban kira ko ɗaya ba.